Injin Kawu da Shekaruna Goma Sha Ɗaya

Ɗiyar yayana ce ta tono wannan magana, lokacin da na je gida Wurno hutun babbar salla. Ta gama sakandare, lissafi ya zauna mata a ka, tana kuma fafutukar neman tallafin karatu a waje. Bayan la'asar ta same ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo mini waya.

"Bappa, duba min wanga abu. Wai shekara biyar, digiri biyu. Gaskiya ta ko damfara ta?"

Na karɓa na duba. Ba damfara ba ce. Shiri ne da jami'o'in Amurka da yawa ke yi, kuma fannin da ta buɗo shi ne nawa, wato injiniyancin masana'antu da tsarin aiki. A can digirin farko na injiniya shekara huɗu ne, na biyu kuma yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. To ɗalibin da makinsa ya yi kyau yana iya neman shiga shirin tun yana shekara ta uku. A shekararsa ta ƙarshe sai ya ɗauki wasu kwasa-kwasan mastas, a ƙirga masa su sau biyu, a digirin farko da kuma na biyun. Yana gama na farko ba ya fita ƙofa, sai ya zarce, shekara ɗaya ta isa. Georgia Tech da ke Atlanta, wadda sashenta na wannan fanni ya yi suna a duniya, tana da irin wannan hanya. Ingila tana da nata salon, digiri guda na shekara huɗu wanda ya kai matakin mastas. Manyan cibiyoyin fasaha na Indiya su ma sun daɗe suna ba da digiri biyu a shekara biyar.

Na mayar mata da wayar na ce ta ba ni zuwa gobe. Amsar ba ta da wuya, amma sai da ta sa ni ƙirga yatsuna. Na shiga jami'a a ƙarshen 2005. Takardar digirina na biyu ta shigo hannuna a ƙarshen 2016. Shekara goma sha ɗaya, a kan tafiyar da aka yanka wa wannan yarinya shekara biyar.

Ban fara da wannan fanni ba, don ban ma san da shi ba. Injiniyancin kanikanci na karanta a wata jami'a a nan Arewa, kwas na shekara biyar. A gidanmu injiniya iri uku aka sani, na mota, na gini, na lantarki. Ko bayan na yi mastas, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai daina tambayata ba: "To kai injiniyan mi na?" In na ce na masana'antu, sai ya ce wace masana'anta ce a Wurno. Yana da gaskiyarsa. In ka cire kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato, wanda ya fara aiki tun 1967, babu wata babbar masana'anta da ɗan garinmu ya tashi yana jin sunanta. Abin da muka buɗe ido muka gani shi ne fadama da noman rani, ruwan madatsar Lugu yana bin hanyoyinsa zuwa fangalai, shinkafa da albasa da tafarnuwa, sai kuma hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da baƙi ke zuwa ziyara.

A watan Yunin 2009, ina aji huɗu, malaman jami'a suka shiga yajin aiki. Muka tattaro muka dawo gida muna cewa sati biyu ne, ashe sai Oktoba. Innarmu 'yar Rabah ce, kuma 'yan Rabah ba sa rabuwa da zancen Sardauna. Duk safiya in ta gan ni kwance sai ta tuna mini cewa ɗan garinsu bai wuce shekaruna da yawa ba aka ba shi ƙasa. Ba ta yi ƙarya ba, ya gama Kwalejin Katsina a 1931, zuwa 1934 ya zama hakimin Rabah yana da shekara ashirin da 'yan kai. Don in tsere wa wannan gori na riƙa tafiya wajen ƙanenta, Kawu, wanda ke da injin casar shinkafa a bayan gari.

Wurin yana nan a idona. Rumfar kwano ce mai ɓangare uku a rufe, a ciki injin dizal mai silinda ɗaya, dogon bel ya haɗa shi da macasa. In ya tashi ba ka jin maganar na kusa da kai, ƙurar ɓuntu kuma ta shiga hanci da kunne da gashin ido. A farfajiya akwai rabin-rabin durom a kan murhu, inda mata ke jiƙa shanshera ta kwana, su turara ta, su kwashe da kwando. Gefe guda ɗan daɓe ne na shanya wanda bai fi faɗin zaure biyu ba. Abin da daɓen bai ɗauka ba sai a baza a kan tabarmi da buhunan da aka farke. A ƙofa kuwa, kusan kullum, 'yan kasuwa ne zaune a kan benci, wasu daga Achida, wasu daga Sakkwato, suna jiran a cika musu buhunan da suka riga suka ba da kafin alƙalami.

Zaman waɗannan mutane ne ya hana Kawu barci. Ya sayar da albasar da ya ajiye a rudu, kuɗi sun taru, ya yanke shawarar zuwa Kano ya sayo inji na biyu. Da ya gan ni sai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ga injiniya a gida, in raka shi in zaɓo masa mai kyau.

A zangon da aka katse mana akwai wani kwas na sarrafa aiki a masana'anta da ba mu ɗauka da muhimmanci ba, don babu ƙarfe a ciki. Abu ɗaya na riƙe daga bakin malamin, cewa kafin ka sayi komai, ka zauna ka auna. Na roƙi Kawu ya ba ni sati ɗaya. Na samo littafin rubutu na 'yan firamare, na kife turmi a bakin rumfa na zauna, da agogon Casio a hannu. Duk lokacin da inji ya tashi in rubuta, duk lokacin da ya tsaya in rubuta, in kuma tambayi yaron inji dalili. Ranar farko yara suka kewaye ni suna dariya. Wani tsoho da ya zo wucewa ya tambaya ko jami'in haraji ne.

Kwana shida na yi. Da na haɗa lissafi sai na ga, a cikin wunin aiki na kusan awa goma, injin da ake cewa ya gaza bai taɓa yin awa huɗu cur yana juyawa ba. Tsinkewar bel da ƙarewar mai sun ci kaɗan. Sauran duk jira ne. Inji yana zaune yana jiran shinkafa ta bushe.

Damina ce. Ana fara turarawa da hantsi, kafin a kwashe a baza rana ta take. Awa biyu ko uku sai hadari ya taso daga gabas, kowa ya bar abin da yake yi a ruga a tattare, a rufe da abin da aka samu. Gobe a sake bazawa, alhali sabon turare ya fito yana neman wuri. In 'yan kasuwa suka matsa, yaron inji ya zuba mai sauran danshi, macasa ta toshe, shinkafa ta fito a dagule, farashi ya faɗi.

Na kai wa Kawu littafin bayan magariba. Ya riƙe shi a nesa da fuska, ya jujjuya, ya aje.

"Kai, ɗana, boko ya ɓata ka. Ni inji nika gani yana aiki, kai kuma ka ce in sayo rana?"

Ban san abin da zan ce ba. Wadda ta cece ni ita ce dattijuwar da ke shugabantar masu turare, tana can gefe tana ɗaure ƙullin ladanta. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Alhaji, mu mun daɗe da sanin hakanga. Ba a tambaye mu ba na."

Kawu ya yi shiru har na zaci ya yi fushi. Bayan kwana biyu sai ga tifa ta sauke yashi. Ya faɗaɗa daɓe ya ninka shi, ya shafe da siminti, ya sayo manyan tamfol guda biyu yadda mutum huɗu za su rufe shanya cikin ƙiftawar ido ba sai an tattare ba. Dattijuwar kuma ta kawo abin da ba ya cikin littafina: a riƙa jiƙawa da wuri, a hura wuta kafin asuba, yadda rana na fitowa shinkafa na kan daɓe. Duka abin da aka kashe bai kai rabin kuɗin inji ba. Kafin in koma makaranta bencin ƙofa ya daina cika.

Da muka koma na nemi littattafan fannin da kaina, na tarar abin da na yi a kan turmi tsohon ilimi ne. Frank Gilbreth ya tsaya yana kallon masu jera bulo, ya rage motsin hannunsu daga goma sha takwas zuwa kusan biyar. Wani ɗan Denmak mai suna Erlang ya fitar da lissafin jerin gwano tun 1909, yana nazarin kiran tarho a Kwafanhagan. Ƙa'idar da ta fi kama ni kuwa mai sauƙi ce: aikin da ke bin matakai, tafiyarsa duka tafiyar mataki mafi nawa ce. Ka ƙara wa wani mataki gudu yadda kake so, kaya ne kawai za su taru a bakin matsattsar ƙofa.

Shekara ta zagayo, a watan Satumbar 2010, ruwa ya zo. Gulbin Rima ya cika ya batse, madatsar Goronyo ta kai iya abin da za ta riƙe, ruwa ya bi kwari ya shafe gonaki da ƙauyuka tun daga Goronyo, ya bi ta ƙasarmu, har ya karya gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Shinkafar mahaifinmu tana gab da nuna ta tafi. Na zo gida na ga mutane a makarantun firamare da tabarmi da tukwane. A matsayina na ɗalibin kanikanci abin da na fara tunani shi ne ƙofofin madatsa da ƙarfensu. Amma can daga baya tambayar ta sauya a kaina. Wannan madatsa, da aka gama ginawa a 1984 aka buɗe a 1992, tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma ayyuka uku ake nema gare ta masu cin karo da juna. Mai noman rani yana so ta cika. Birnin Sakkwato yana so ta cika don ruwan sha. Wanda ke zaune a kwari kuwa yana so a bar mata wuri don ta tare ambaliya. Ruwan da ke shigo mata wani daga Zamfara yake, wani daga Katsina, wani ta Gulbin Maraɗi, ya ratsa wata ƙasa kafin ya iso. Yaushe za a saki, nawa za a saki, wa za a sanar, da kwana nawa? Ba tambayar ƙarfe ba ce. Bayan shekara bakwai da 'yan watanni, a farkon 2018, madatsar nan ta ja baya har abin da ya rage bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba, famfunan Sakkwato suka shiga wahala. Ruwa guda, ƙofofi guda.

Tun a 2010 ɗin na ƙudura cewa wannan fanni zan bi. A lokacin kuwa wanda ke son sa galibi Kudu yake nufa. Jami'ar Ibadan tana da sashen injiniyancin masana'antu da sarrafa kaya, ta Legas tana da na tsarin aiki, ta Benin tana da na sarrafa kaya. Daga nan ne na fara zama shinkafar da ke jiran rana.

Na gama digirin farko a farkon 2011, na zauna gida har ƙarshen shekara kafin a kira ni bautar ƙasa. Ba a ba ka gurbin mastas a yawancin jami'o'inmu sai da takardar gama bautar ƙasa, don haka ba dama in nema kafin ƙarshen 2012. Sai neman takardar cikakken sakamako daga tsohuwar makarantata. Sau huɗu ina hawa mota a kanta. Yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe ba a ga fayil ba, jibi an aika amma can sun ce ba ta iso ba. Da gurbin ya fito a wata jami'a a Kudu, ina shirin ɗaure kaya, sai aka sake shiga yajin aiki daga Yuli zuwa Disambar 2013. Na fara karatu a 2014. Karatun kansa shekara ɗaya da rabi ne, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Na miƙa kundin bincikena a tsakiyar 2015, na jira mai jarrabawa daga waje, na jira majalisar jami'a ta zauna, na jira a buga takarda.

A daren da ɗiyar yayana ta kawo mini tambayarta na ɗauki biro na yi wa kaina irin lissafin da na yi wa injin Kawu. Karatun digirin farko biyar. Na biyu ɗaya da rabi. Bautar ƙasa ɗaya. Bakwai da rabi ke nan. Saura uku da rabi, babu aji, babu aiki, babu malami. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a kan benci na yi shi.

Sai a daren na gane abin da shirin nan na shekara biyar yake sayarwa. Ana tallata shi da sunan sauri, kamar ana karantarwa a guje. Abin da ake ragewa a aji ɗan kaɗan ne, kwasa-kwasai uku ko huɗu da aka ƙirga sau biyu. Babbar ribar ita ce an cire tsakani. Ba ka fita ka sake neman shiga, ba ka bin takardarka daga ofis zuwa ofis, malamin da ya san ka a aji uku shi ne zai duba aikinka a shekara ta biyar. Sun faɗaɗa daɓe ne, ba inji suka ƙara ba. Ina ganin jami'o'inmu za su iya yin irin wannan ba tare da sun sayi ko kujera ba, musamman da yake namu digirin injiniya shekara biyar ne tun asali. A bar ɗalibin da ya yi fice ya zarce shekara ta shida, a jinkirta masa bautar ƙasa har ya gama. Amma shiri irin wannan a kan kalanda yake tsayawa, mu kuwa a 2020 an rufe jami'o'in gwamnati wata tara, a 2022 wata takwas.

Shekaru da yawa ina lallashin kaina da cewa jiran ya karantar da ni. In yaranmu suka yi ƙorafi nakan ce musu sauri kan haifi nawa. Yanzu ina jin kunyar wannan magana. Wata huɗun da na yi a wurin Kawu sun karantar da ni, wannan ba ja. Da babu su da yanzu ina can ina gyaran famfo a wani kamfani ban san fannina ba. Amma sauran shekara uku ba su ƙare ni da komai ba sai iya zaman majalisa da sanin sunayen direbobin tasha. Abokaina biyu da muka nemi mastas tare, kafin gurbi ya fito ɗaya ya yi aure ya shiga kasuwar albasa, ɗaya ya samu koyarwa, babu wanda ya koma. Sun fi ni ƙwaƙwalwa, su biyun.

Duk da haka akwai abin da ke damuna da hanyar gaggawa a wannan fanni musamman. Yaro ɗan shekara ashirin ake so ya zaɓa, bai taɓa tsayawa a inda ake aiki ba. Mastas ɗin shekara ɗaya sau da yawa kwasa-kwasai ne zalla, babu dogon bincike. Yana iya fitowa ya iya zana jerin gwano a kwamfuta, ya iya lissafin kaya da sufuri, amma bai san cewa akwai dattijuwa a gefen murhu da ta riga shi sanin amsa ba. Na ga irinsu a wuraren da na yi aiki, masu takardu masu kyau, suna rubuta a sayo inji na biyu.

Da safe ta dawo zaure. Na ce mata abu uku za ta bincika kafin ta sa rai. Na ɗaya, ko tallafin da take nema ya haɗa da shekara ta biyar, don sau da yawa na digirin farko a shekara ta huɗu yake tsayawa, kuɗin kuwa da dala ake biya. Na biyu, ta sani ba a shiga shirin daga ƙofa, sai makinta ya kai a shekara ta uku. Na uku, in ta dawo bautar ƙasa na nan na jiranta, karatun waje ba ya ɗauke ta.

"To in yi, Bappa?"

Na ce ta yi. In Allah ya ba ta, kada ta tsaya waiwaye, kada kuma wani ya ce mata wahala ita ce karatu. Sharaɗi ɗaya na gindaya mata. Da a zamaninmu ne da na tura ta Goronyo ta ga madatsa da idonta, ta zaga kasuwar Lahadi ta ga yadda ake lodin albasa. Yanzu hanyar ba ta kowa ba ce, tun harin da aka kai kasuwar a Oktobar 2021 iyaye ba sa sakin jiki. Amma injin Kawu yana nan bayan gari, ɗansa ke riƙe da shi, kuma har yau guda ɗaya ne. Na ce kafin ta hau jirgi ta je ta yi sati ɗaya a can da littafi da agogo, ta fara da gaida masu turare.